Yadda muka jawo iskar waje cikin gidanmu na Kubwa ba tare da buɗe taga ba

Gidajen da ake ginawa a Abuja yanzu, don a rufe su ake gina su. Taga ta alminiyam mai roba a gefe, bayanta ƙarfen tsaro, bayansa ragar sauro, sannan labule mai nauyi. Ƙofa ta ƙarfe, silin na POP wanda ko allura ba za ta samu hanya ba. Kowane ɗaya kuma da dalilinsa: ɓarawo, sauro, ƙurar hunturu, hayaƙin janaretan maƙwabta, da sanyin iyakwandishan da mutum ya biya kuɗin wutarsa ba ya son ya tsere. Namu gidan a Kubwa haka yake, ɗaki uku da falo, kuma mu bakwai ke kwana a ciki idan ba a yi baƙi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, iyakwandishan irin na bango, mai kai ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba ya shigo da iska ko kaɗan. Bututun tagulla biyun da ke haɗa kawunan, gas ne ke yawo a cikinsu, siririn tiyon kuma ruwa yake zubarwa. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar maka da abarka. Idan ka kwana da shi ƙofa a rufe, numfashin da ka fitar bayan isha'i shi kake sake shaƙa da asuba, sai dai da sanyinsa.

Mahaifiyarmu ce ta fara kokawa, bayan ta dawo wurinmu da zama daga Katsina. Tana da asma, kuma mace ce da ta saba da kwanan tsakar gida duk bazara. Ta ce mini, "Ɗakin nan naku ba ya numfashi. Sai in tashi kaina ya yi nauyi, baki ya bushe." Aka buɗe mata taga. A lokacin Disamba ta shigo, hazo ya rufe gari har Dutsen Zuma ba ya ganuwa sosai daga hanya, sai tari ya taso mata. A rufe ciwon kai, a buɗe tari: gaba kura baya sayaki.

Wani abokin aikina ya ara mini ƙaramar na'urar auna iska, wadda ke nuna yawan kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. A tsakar gida ta nuna abin da bai wuce kashi 420 da 'yan kai cikin miliyan ba, wanda shi ne abin da iskar duniya ke ɗauke da shi a yanzu. Na ajiye ta a ɗakinmu, ni da maiɗakina da auta, aka rufe ƙofa aka kunna iyakwandishan. Kafin kiran sallar farko ta haura 2,000. Tun a 1858 wani masanin tsaftar muhalli na Jamus, Max von Pettenkofer, ya ba da 1,000 a matsayin iyakar da idan ɗaki ya wuce ta, iskarsa ta tsufa, kuma har gobe da wannan adadin ake kwatance. Ba wai 2,000 na kashe mutum ba ne. Alama ce kawai ta cewa duk abin da aka saki a ɗakin yana nan bai fita ba: hayaƙin turaren wuta, fiya-fiya da igiyar leƙo, warin fenti da na sabon kujera, gumi, da ƙwayoyin murar wanda ya yi atishawa.

Da na fara tambaya a shagunan kayan wuta, kusan kowa fankar bango mai zuƙe iska yake miƙo mini, irin ta banɗaki. Ita wannan fitarwa kawai ta sani. Abin da ta fitar kuwa dole wata iskar ta maye gurbinsa, kuma ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar taga da ramin soket za ta shigo, da ƙurarta da zafinta, ba mai tace ta. Wani kuma ya nuna mini na'urar tace iska ta ajiyewa a ƙasa. Tana kama ƙura, gaskiya ne, amma ita ma iskar ɗakin take juyawa. Sai wani injiniya da ke yi wa ofisoshi da otal-otal aikin sanyaya wuri ya gaya mini sunan abin da nake nema, ya ce ERV ake ce masa, wato na'urar da ke musanya iskar gida da ta waje, kuma a manyan gine-ginen Abuja da yawa yana nan cikin silin, mutane na zaune ƙarƙashinsa ba su sani ba.

Akwati ne na ƙarfe mai baki huɗu. A ciki akwai fanka biyu, ɗaya na jawo iskar waje zuwa ciki, ɗaya na kwashe ta ciki zuwa waje. A tsakiya akwai abin da ake kira zuciyar na'urar. Injiniya ya zaro mini ita daga wata tsohuwa da ke shagonsa, na riƙa a hannu: ba ta da nauyi, tarin siraran takardu ne aka jera bisa juna, tsakanin kowace biyu da wata mai lanƙwasa irin ta cikin kwali, jere ɗaya ramukansa sun kalli gabas, na samansa sun kalli kudu. Idan ka ɗaga ta wajen haske kana hango ɗaya gefen ta ɗaruruwan ƙananan ramuka. Iska mai shiga na bin jere ɗaya, mai fita na bin na kusa da shi. Ba sa gauraya, amma takardar da ke tsakaninsu tana barin zafi da laima su ratsa. Kamar mai fita da mai shiga ne suka haɗu a zaure, mai fitar ya cire rigar sanyinsa ya miƙa wa mai shigowa, kowa ya wuce. Kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya fara sayar da irin wannan mai zuciyar takarda a 1970 da sunan Lossnay, yanzu kuma su Daikin da Panasonic da kamfanonin China da dama duk suna yi.

Lissafin ba wuya. A ce wata Maris ne, waje digiri 38, ɗaki kuma iyakwandishan ya sauke shi zuwa 25. Tazarar 13 ke nan. Na'urar da ke ceto kashi 70 cikin 100 za ta rage wa iskar waje kusan digiri 9, ta shigo da ita a kan 29 maimakon 38. Sauran huɗun iyakwandishan ne zai ƙarasa. Wato sanyin da ka saya ba ya fita duka tare da tsohuwar iska, mafi yawansa yana dawowa.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma a nan ne mai saye zai iya yin asara. Ɗayan, wanda ake kira HRV, zafi kawai yake musanyawa, zuciyarsa ta alminiyam ce ko roba, laima ba ta ratsa ta. An fi yin sa don ƙasashen sanyi irin su Kanada, inda gida ke tara danshi da hunturu ana son a kore shi. ERV kuwa har da laima yake musanyawa. Abuja gari ne mai fuska biyu: a Agusta danshin iska kan wuce kashi 80 cikin 100, takalmi ya yi fumfuna a cikin wadrob, a Janairu kuma da rana yakan faɗo ƙasa da 20, leɓe ya tsage, hancin yara ya yi haɓo. Da damina ERV na mayar da wani kaso na laimar waje inda ta fito kafin ta shigo, da hunturu kuma yana riƙe wa gida wani kaso na 'yar laimar da girki da wanka da numfashi suka tara. Duk fuskokin biyu ya yi mana daidai, don haka ban ɓata lokaci a kan ɗayan ba.

Sai batun girma. Injiniya ya ɗauko ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASHRAE, mai lamba 62.2, wadda ta shafi gidajen zama: lita 0.15 a sakan ga kowace murabba'in mita ta gida, a ƙara lita 3.5 ga kowane mutum, a ƙirga mutanen da yawan ɗakunan kwana a ƙara ɗaya. Gidanmu murabba'in mita 120 ne, ɗaki uku, sai ya ba da lita 32 a sakan, kimanin kubik mita 115 a awa. Na ce masa, "Injiniya, wannan lissafin na gidan mutum huɗu ne. Ka taɓa ganin gidan Bahaushe mai ɗaki uku a Abuja da mutum huɗu kawai? Wanda ya zo neman biza nan zai sauka, wanda ya zo asibiti nan, ɗan bautar ƙasa nan." Ya yi dariya, muka koma ga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021 lokacin korona, ta lita 10 a sakan ga kowane mutum. Mu bakwai, lita 70, wato kubik mita 252 a awa. Muka tsaya a kan na'ura mai kubik mita 350 a awa, don ta riƙa aiki a matsakaicin gudu ba tare da ihu ba, kuma don matatar ƙura mai kyau tana cin ƙarfin fanka.

Wajen saye an so a yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani ɗan kasuwa ya kawo wata da aka shigo da ita daga Amurka, sabuwa a kwalinta, da farashi mai daɗi. Injiniya ya juya ta ya karanta farantin da ke bayanta: bolt 120, zagaye 60 a sakan. Wutarmu 230 ce, zagaye 50. Ɗan kasuwar ya ce ai sai a sa mata tiransifoma. Tiransifoma na rage bolt, amma ba ta canza zagayen wuta, kuma ƙarin kaya ne da zai kwana yana zafi a cikin silin. Muka bar masa abarsa. Wadda muka saya daga Legas aka turo ta, kuma kafin in biya na sa dillalin ya haɗo da matatai na canji, don na'ura ba matata ƙarfe ne kawai. Bututu, soson rufe shi, salatif na alminiyam, dogayen noti da katakon ƙofar silin, duk a kasuwar Dei-Dei muka haɗa su.

Ranar da Injiniya ya zo duba gida, bai ko kalli akwatin ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, ina janareta yake kwana?" Na nuna masa. "Na maƙwabcinka fa?" Shi ma na nuna masa, yana jingine da katangar da ke bayan ɗakin Hajiya mahaifiyarmu, bakin salansarsa na kallon gidanmu. Ya zaga ya nemi bututun da ke fitar da warin sokawe, ya duba inda tukunyar gas take, inda ake ajiye shara, inda tagar kicin take, da inda ake faka mota. Sannan ya tsaya a lungun da ke gefen gida, inda ba komai sai igiyar shanya, ya ce a nan za a sha iska.

A ganina wannan zagayen ya fi duk sauran aikin muhimmanci. Na'urar ba ta da hanci. Duk abin da ke bakin bututun shiga, shi za ta ɗauka ta raba wa kowane ɗaki, mutane na barci. Matatar ƙura ba ta kama kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce ke kashe iyalai cikin dare kamar yadda muke ji a labarai duk shekara. Wani mai aikin da na fara kira, kafin in samu Injiniya, ya so ya huda bangon baya ne don nan ya fi kusa, bututu ba zai yi tsawo ba. Da an bi tasa, da salansar maƙwabci muka jona wa ɗakin tsohuwa. Bakin fitarwa kuma aka kai shi wani bangon dabam, fiye da mita uku daga na shiga, don kada abin da aka kora ya zagayo ya dawo.

Akwatin a saman koridon aka rataye shi, da dogayen noti huɗu masu roba a gindi don kada girgizarsa ta bi katako ta shiga ɗakuna. Mai POP ya yanka silin, kafinta ya yi ƙofa mai faɗin da mutum zai iya zaro zuciyar na'urar ta ciki. Maiɗakina ba ta so wannan ƙofar ba, ta ce, "Abban yara, yanzu duk kwalliyar silin ɗin nan za a ɓata?" Injiniya ya amsa mata da cewa, "Hajiya, na sha zuwa gidan da aka rufe na'urar da POP gaba ɗaya don kyau. Ranar da matatar ƙura ta toshe, guduma ake ɗaukowa." Aka yi wa ƙofar farin fenti, magana ta mutu.

Na hau tsani na leƙa cikin silin ɗin da azahar, ban daɗe ba na sauko. Zafin da kwano ke tarawa a wurin ya fi na waje nesa ba kusa ba. Bututun da ya bi ta nan tsirara, kafin iska ta kai ɗaki ta sake ɗaukar duk zafin da na'urar ta cire mata, da damina kuma bututun da ke ɗauke da iska mai sanyi zai yi gumi ya ɗiga a kan POP har ya yi tabo. Saboda haka kowane taku sai da aka naɗe shi da soso, aka liƙe mahaɗa da salatif. Yaran Injiniya da sassafe suke hawa, kafin ƙarfe sha ɗaya sun sauko jiƙe sharkaf. Bututu mai faɗin santimita 15 aka yi amfani da shi a manyan layuka, mai tauri, ba mai naɗewa ba, don kowace kwana da kowane lanƙwasa na rage ƙarfin iska.

Huda bangon waje na tsaya na kalla. Da inji mai zagayayyen baki aka yi, yana ci ana zuba masa ruwa, farin ruwan siminti na gangarowa a jikin bango, har guntun bulo ya faɗo ta waje a mulmule. Injiniya ya sa aka ɗan karkata ramin, bakin waje ya fi na ciki ƙasa da kaɗan, don ruwan saman da iska ta kaɗo ya koma inda ya fito. Aka sa hula mai kallon ƙasa, aka sa raga. Ya ce ragar ba don sauro kaɗai ba ce: ƙadangare, tsaka, ɓera, da zanzaro mai gina ɗakin laka duk suna son irin wannan ramin.

Sabuwar iska aka kai ta ɗakunan kwana uku da falo, kowanne da bakinsa a silin, nesa da kan gado kuma nesa da ƙofa, don iskar ta ratsa ɗakin kafin ta fita. Tsohuwa kuma daga korido da ƙarshen falo ake kwasarta. Don hakan ya yiwu sai da kafinta ya rage ƙasan kowace ƙofar ɗaki da kimanin santimita ɗaya da rabi, in ba haka ba iska ta shiga ɗaki ta rasa mafita. Kicin ba a haɗa shi ba. Hayaƙin suya maiƙo ne, idan ya shiga zuciyar takarda ya liƙe ta, ba wanki ba gyara, sai sabuwa. Shi da banɗakuna kowa aka bar shi da fankarsa mai fitarwa kai tsaye.

Da aka kunna, ban ji komai ba sai ɗan huci. Injiniya ya ɗauko abin auna gudun iska ya bi baki-baki, yana juya murfin kowanne, nan ya rage, can ya ƙara. Ɗakin da ya fi kusa da akwatin yana neman cinye rabon na ƙarshe, sai da aka matse shi. Daga nan ya daidaita fankokin biyu yadda mai shigowa za ta ɗan fi mai fita kaɗan. Ya yagi siririyar takardar tishu ya riƙe a tsagar ƙofar falo daga ciki, ta karkata waje a hankali. Ya ce haka ake so a garin ƙura: gida ya riƙa tura iska waje ta tsagoginsa, maimakon ya riƙa zuƙo ta.

Daren farko na mayar da abin awon ɗakinmu, komai yadda yake a da, ƙofa a rufe, iyakwandishan a kunne. Da asuba bai kai 1,000 ba. Warin kwana da kan tari mutum idan ya dawo daga masallaci ya buɗe ɗakin yara, shi ma ya ɓace. Hajiya ba ta ce komai game da na'urar ba, ta dai daina cewa a buɗe mata taga. Asmarta na nan, maganinta na shaƙa na nan a ƙarƙashin filo, tana ganin likitanta kamar kullum, kuma na'urar ba ta hana hayaƙin turaren wutarta shiga ƙirjinta idan ta zauna a kan kasko. Abin da ta yi shi ne, hayaƙin ba ya kwana a ɗakin.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma gara mai niyyar saye ya ji su tun yanzu. Ba ta sanyaya ɗaki. Idan ba iyakwandishan a kunne, ciki da waje zafinsu ɗaya, ba abin da za ta ceto, ta zama fanka mai matata kawai. Ba ta busar da gida da damina, rage laimar da ke shigowa kawai take yi. Kuma iyakwandishan na ɗan ƙara aiki a kan lokacin da ɗakin ke rufe ruf, tunda ko yaya ana shigo masa da ɗan zafi. Tana da wani maɓalli da ke sa iska ta kauce wa zuciyar ta shigo kai tsaye, wanda ke da amfani a daren da aka yi ruwa waje ya fi ciki sanyi, ko a farkon hunturu.

Wuta ba ta ci da yawa. A gudun da muke barinta, kusan wat 50 take ja, wato yunit 36 a wata idan ba a kashe ta ba dare da rana. Ko da farashin Band A na naira 225 da aka sanar a Afrilun 2024 aka yi lissafi, naira 8,100 ke nan, abin da iyakwandishan ɗaya zai cinye cikin 'yan kwanaki. Matsalar ita ce ɗauke wuta, don da ta tsaya gida ya koma kwalba. Na sa aka ja mata layi daga inbata, tare da fitilu da firij, aka kuma sa mata abin kare ta daga wuta mai ƙarfi. Na sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir na maƙala a korido, ita wannan ko ba ka da ERV ya kamata ka mallake ta muddin akwai janareta a kusa da kai. An kuma sa makashin na'urar a inda hannun kowa zai kai, don ranar da aka cinna wa bola ko ciyawa wuta a unguwa, kashe ta ake yi sai hayaƙin ya wuce.

Wani ƙanin maiɗakina da ke zaune a Jos ya zo ya gani, ya ce shi ma zai sa. Na ce ya dakata. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, mafi yawan shekara taga a buɗe ta ishi mutum, gidaje da yawa ma ba su da iyakwandishan. Wanda ke kwana taga a buɗe, bai da abin da zai ceto, kuɗinsa kawai zai zubar. Inda za ta yi masa rana shi ne Disamba da Janairu, lokacin da ake toshe ko'ina saboda sanyi. A can aikin juyawa yake yi: idan waje digiri 12 ne ciki 22, iskar za ta shigo a kan 19. Amma na ja masa kunne cewa wannan ba lasisin shiga ɗaki da kaskon gawayi ba ne, ba na'urar da ke sa hakan ya zama lafiya. Tunda kuma haya yake yi, na ba shi labarin ƙananan da ake sakawa cikin rami ɗaya a bango, masu zuciyar tangaran, waɗanda fankarsu ke fitar da iska na kimanin sakan 70 sannan ta juya ta shigo da ita, ana sa su bibbiyu don ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa. Ba sa bukatar bututu, sai izinin mai gida na huda bango. Rauninsu matatarsu ƙarama ce, ba ta iya wa hazo sosai.

Hazon ne ma ainihin aikin da ke kan mai wannan na'ura a Abuja. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma laushinta ya sa matatar da ke zuwa da yawancin na'urori ba ta tare ta duka. Matata biyu muka jera: mai kauri da ake kira G4 a gaba tana kama manyan, mai laushi F7 a bayanta tana kama ƙananan da ke shiga huhu. Littafin na'urar ya ce a duba su bayan 'yan watanni. Wanda ya rubuta shi bai san hunturu ba. A tsakiyar hazo kusan duk mako biyu nake hawa tsani, in zaro ta gaban ta koma ruwan ƙasa, in kai ta bayan gida in kakkaɓe, in wanke, in shanya sai ta bushe ƙarau kafin ta koma. Ta bayan ba a wanke ta, idan ta yi duhu canzawa ake yi. Zuciyar takarda kuwa ruwa bai taɓa ta ko kusa, burushi mai laushi ne ko injin zuƙe ƙura a hankali. Alamar toshewa tana da sauƙin ganewa: hucin na ƙaruwa, iskar da ke fita a baki na raguwa, adadin abin awo ya fara hawa.

Matata mai kauri ana samun yadinta a wurin masu gyaran iyakwandishan na ofisoshi, a auna a yanka daidai firam. Mai laushin ce sai an yi oda, kuma tana iya ɗaukar makonni kafin ta iso, shi ya sa tun watan Satumba nake turawa dillalin kuɗin guda biyu, da lambar na'urar da awon firam ɗin a rubuce, don an taɓa turo wa wani abokina wadda ta gaza da yatsa ɗaya, ƙura kuma ta wannan yatsan take bi.